Zabon Kurmi Mai Tukku: Inda Yake Zama da Halin da Yake Ciki

Zabon kurmi mai tukku tsuntsu ne da ke yin rayuwarsa a ƙasa, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, cikin dazuzzuka masu duhuwa na Afirka kudu da Sahara. Dangin zabon nan ne da kowa ya sani, wanda ake tallar dafaffen ƙwansa a tashoshin motar Jimeta da damina, amma mazauninsu da ɗabi'unsu sun sha bamban. Zabon gida da ɗan'uwansa na jeji 'yan fili ne. Ciyawa suke so, da gonaki, da sarari inda za su hango abokin gaba tun daga nesa. Mai tukku kuwa inuwa yake bi, kuma da wuya ya yi nisa da bakin kurmi. Mutum zai iya tsufa a kwarin Binuwai, ya ci naman zabo har ya gundure shi, bai taɓa jin labarin wannan ba.

Dangin zabi, waɗanda masana ke kira Numididae, asalinsu Afirka ne kaɗai, kuma duk zabon da aka gani a Turai ko Amurka kai shi aka yi. An daɗe ana lissafa su nau'i shida. Na farko shi ne mai ƙaho, Numida meleagris, wanda daga reshensa na Afirka ta Yamma aka samo zabon gida. Na biyu yana busasshen jejin Somaliya da Habasha da Kenya da arewacin Tanzaniya, yana da kai irin na ungulu da shuɗin ƙirji. Sauran huɗun duk mazauna kurmi ne: mai farin ƙirji, da baƙin zabo, da mai miƙaƙƙen tukku na tsakiyar Afirka, da kuma wannan mai murɗaɗɗen tukku. Ke nan mafi yawan dangin zabi a duhuwa suke, abin da zai ba mai kiwon zabi a Arewa mamaki, domin shi a saninsa zabo tsuntsun saura ne da bakin gona.

Girman mai tukku bai wuce na zabon gida ba, har ma yakan ɗan gaza. Tsawonsa daga baki zuwa jela kusan santimita 50 ne, nauyinsa kuma yakan kama daga giram 700 zuwa kilo ɗaya da rabi. Gashin jikinsa baƙi ne mai ƙananan ɗigon fari da ya surka da shuɗi. A gindin wuya da saman ƙirji akwai baƙin zobe wanda babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa, gefen fiffikensa kuma yana da farin layi da ake gani ko a naɗe yake. Fatar kai da ta wuya ba gashi, launinta shuɗi-shuɗi mai toka, maƙogwaron na Afirka ta Yamma kuma ja ne. Abin da ya fi fito da shi shi ne tukkun, wato curin baƙin gashi mai lanƙwasa a tsakar ka, daidai inda zabon gida ke da ƙaho. Namiji da mace kamarsu ɗaya. Wannan zane da ke ɗaukar ido a fili shi ne suturarsa a kurmi, inda hasken rana ke ratsa ganye ya sauka ƙasa ɗigo-ɗigo. Idan ya tsaya cik a irin wannan wuri, ana iya wuce shi da taku kaɗan ba a gan shi ba.

Masana sun daɗe suna ɗaukar duk masu murɗaɗɗen tukku a matsayin nau'i ɗaya mai rassa. Tun daga 2014 ƙungiyar BirdLife ta raba su uku bisa launin fuska da na ido da siffar tukku, daga baya wasu hukumomin lissafin tsuntsaye suka bi sahu. Akwai na gabas, Guttera pucherani, daga kudancin Somaliya zuwa Kenya da Tanzaniya, har tsibirin Zanzibar. Akwai na kudu, Guttera edouardi, daga Tanzaniya da Mozambik zuwa gabashin Afirka ta Kudu. Na uku shi ne na yamma, Guttera verreauxi, wanda wani masani Ba'amurke, Daniel Giraud Elliot, ya bayyana siffarsa a 1870. Shi ne na Nijeriya, kuma shi ya fi sauran faɗin mazauni.

Yankinsa ya faro daga Gini Bisau, ya ratsa Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa da Gana, ya shigo kudancin Nijeriya da Kamaru. Daga nan ya zagaya ta gefen babban kurmin Kwango har Yuganda, inda masu kallon tsuntsaye ke ganin sa a dazuzzukan Budongo da Kibale, ya kai dajin Kakamega a yammacin Kenya, sannan ya gangara kudu zuwa Angola da arewacin Zambiya. A arewa maso yammacin Kamaru, yankin da ya yi iyaka da jihar Taraba, akwai wani reshensa mai guntun tukku ta gaba, wanda ake kira sclateri. Wani abin lura shi ne, a tsakiyar tsohon kurmin kudancin Kamaru da Gabon, inda duhuwa ta fi ko'ina, ɗan'uwansa mai miƙaƙƙen tukku, Guttera plumifera, shi ke riƙe da wuri. Mai murɗaɗɗen tukku ya fi yawa a gefe-gefe.

Wannan ya nuna irin dajin da yake so. Ba lallai sai wanda gatari bai taɓa shiga ba. Yana zama a bakin kurmi, da dajin da aka taɓa sarewa ya sake tofowa, da wuraren da kurmi da ciyawa suka cakuɗa, da kuma kurmin bakin rafi. Na ƙarshen shi ya fi shafar mutanen Arewa. A ƙasar da ruwan sama bai isa ya raya kurmi ko'ina ba, rafin da ba ya ƙafewa yakan riƙe danshi a gaɓarsa har tsakiyar rani. Nan itatuwa irin su malmo da dokar rafi da ɓaure da tukurwa ke tashi su haɗa kai ta sama, igiyoyin daji su sarƙe su, ƙasa ta cika da ruɓaɓɓen ganye. Faɗin irin wannan kurmi wani lokaci bai wuce a tsallaka shi cikin minti biyu ba, amma tsawonsa yana bin rafin kilomita da yawa. Ta cikinsa tsuntsaye da dabbobin kurmin kudu ke kutsowa cikin ƙasar ciyawa. Abin da zabon ke nema a ko'ina bai wuce rufi daga sama ba, da sarƙaƙiya a ƙasa da zai faɗa idan ya firgita, da dogayen itatuwan kwana.

A Nijeriya mazauninsa na asali shi ne shimfiɗar kurmin kudu, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa ta Kamaru. Yawancin wannan shimfiɗa yanzu gonakin koko ne da roba da kwakwar manja da rogo, sai tsibirai na daji da suka rage. Daga cikinsu akwai gandun dajin Omo a jihar Ogun, da gandun ƙasa na Okomu a jihar Edo mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200, da na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991 mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000 a ɓangarori biyu, Oban da Okwangwo. A kudu maso gabashin nan ne kuma baƙin zabo ke da ɗan gurbinsa a ƙasar nan.

Jimeta da Yola ba wurinsa ba ne, kuma dalilin a fili yake. Ruwan saman da ke sauka a nan cikin shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, zafin Maris da Afrilu kuma yakan haura maki 40. Gaɓar Binuwai da kewayen tafkin Geriyo fadama ce ta shinkafa da masara da kayan lambu, abin da ya rage kuma giginya ce da ƙaya da ɗaiɗaikun itatuwan gona. Tsuntsayen ƙasa da suka dace da wannan yanayi su ne zabo mai ƙaho, da makwarwa, da kazar dutse a gindin tsaunuka.

Sai an nufi kudu lamarin ke sauyawa. Wanda ya bar Jimeta ta Ngurore da Mayo-Belwa, ya wuce Jada da Ganye zuwa Toungo, zai ga ƙasa tana ɗagawa, ruwan sama yana ƙaruwa, itatuwa suna ƙara tsawo. Duwatsun Alantika suna gabas a kan iyakar Kamaru, na Shebshi suna yamma, da ƙololuwarsu Dimlang mai tsayin mita 2,042. A ƙaramar hukumar Toungo ne ɓangaren arewa na gandun ƙasa na Gashaka-Gumti ya faro. Shi ne gandu mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, ya ratsa jihohin Adamawa da Taraba, hedkwatarsa tana Serti. An fara keɓe shi a matsayin gandun namun daji a 1972, aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, shekarar da aka raba tsohuwar jihar Gongola gida biyu. Kafin wannan rabo, daga Yola ake mulkin yankin baki ɗaya. Ɓangaren Gumti, na Adamawa, dajin ciyawa ne da itatuwa tsaka-tsaki, kurmi kuma yana bin bakin koguna. Ɓangaren Gashaka ya fi tsaunuka da ruwa, domin abin da ke sauka a wasu wurarensa ya ninka na Yola, kuma a can ne ake samun kurmi na sosai a kwaruruwa da jikin duwatsu, har zuwa Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 400 a gandun. Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu shi ke ciyar da kogin Taraba, wanda ke zuba cikin Binuwai. Daga Jimeta, wannan ne daji mafi kusa mai girma da duhuwar da tsuntsun kurmi irin wannan ke bukata, sai kuma dazuzzukan kwarin kogin Donga a can kudancin Taraba.

Cimarsa ta haɗa tsiro da ƙwari. Yana tonon ruɓaɓɓen ganye da ƙafa kamar kaza, yana tsintar iri, da 'ya'yan itace da suka faɗo, da ɗanyen toho, da saiwoyi masu taushi, haɗe da gara da tururuwa da fara da buzuzu da gizo-gizo da ƙadandoniya da dodon koɗi. Akwai wata ɗabi'a tasa da masu bincike suka sha gani a sassa daban-daban na Afirka, wato bin ayarin birai. Biri maɓarnacin mai ci ne. Yakan ciji ɗan itace sau ɗaya ya yar, ya girgiza reshe nunannu su zubo, ya kakkaɓo ƙwari daga ganye. Sai garken zabi ya bi ta ƙasa yana kwasa, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Bayan abinci akwai wata riba, domin birai daga sama sun fi saurin hango gaggafa ko damisa, kuma ihunsu gargaɗi ne ga duk wanda ke kusa. Saboda haka dajin da mafarauta suka ƙarar da biransa ya ragu a wurin zabon ma, ko da itatuwansa suna tsaye.

Idan ba lokacin ƙwai ba, a garke yake yawo, daga goma zuwa ashirin, wani lokaci fiye. Suna tafe suna wata 'yar ƙaramar murya da ke haɗa kansu a cikin duhuwa, in kuma abu ya firgita su sai su ɓarke da kuka mai kaushi a jere. Da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwa, sukan fito kan hanyar daji su sha hantsi su yi birgima a ƙura, kuma yawancin waɗanda suka taɓa ganin su a irin wannan lokaci ne. Gudu ya fi masa tashi. Sai an matsa masa yake buɗe fiffike, shi ma ɗan tashi ne mai ƙara zuwa reshe mafi kusa. Da magariba garken kan hau dogon itace ya kwana.

Yawanci da damina yake hayayyafa, lokacin da ƙwari suka yawaita. Garke kan watse biyu-biyu, namiji ɗaya da mace ɗaya. Sheƙar ɗan rami ne a ƙasa, a gindin itace ko cikin sarƙaƙiya, da 'yan ganyaye a ciki. Ƙwai huɗu ko biyar take sakawa, ta kwanta a kansu kwana 23 ko kusa da haka, namijin yana gadi a kusa. 'Yan tsakin suna fitowa da gashinsu, su bi iyaye su yi kiwo tun ranar farko, cikin makonni biyu kuma sun fara tsalle-tsallen hawa reshe. A nan akwai bambanci mai nauyi tsakaninsa da mai ƙaho. Zabuwar jeji takan tara ƙwai shida zuwa goma sha biyu a sheƙa ɗaya, ta gida kuwa, idan ana kwashe mata, takan yi ta sakawa damina guda. Tsuntsun da ke saka huɗu ko biyar ba ya saurin mayar da gurbin abin da aka kashe. Ba a mai da shi na gida ba, sai dai ana ajiye shi a gidajen namun daji a ƙasashe da dama.

Abokan gabansa na halitta su ne gaggafar kurmi, da damisa, da kyanwar daji, da mesa. Ƙwai da 'yan tsaki kuwa rabon tunku ne da inyawara da guza da macizai, har da gwaggon biri idan ya yi tuntuɓe da sheƙa. Da waɗannan ya saba tun fil'azal, kuma ba su ne suka rage shi ba.

A kundin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, zabon kurmi mai tukku yana rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, kuma ba a taɓa ƙidaya shi gaba ɗaya ba. Ya kamata a fahimci yadda ake yanke wannan hukunci. Kafin a sa wani nau'i a rukunin masu rauni, wanda shi ne matakin farko na haɗari, sai ya cika ɗaya daga cikin wasu sharuɗɗa. Ko dai yawansa ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma ko tsatso uku, ko faɗin yankinsa ya gaza murabba'in kilomita 20,000 kuma yana tsukewa, ko manyansa su gaza 10,000 kuma suna raguwa. Tsuntsun da ya bazu daga Gini Bisau zuwa Kenya ba zai faɗa waɗannan ma'aunai da sauƙi ba. Amma ma'aunin na duniya ne. Zai iya ɓacewa daga jiha guda, ko ƙasa guda, matsayinsa a kundin bai motsa ba, muddin dazuzzukan Kwango da Yuganda suna riƙe da nasu. Kuskure ne jami'in gandun daji a Yola ko Jalingo ya karanta wannan rukuni ya ɗauka magana ce a kan dajin da ke hannunsa.

Ɗan'uwansa mai farin ƙirji ya nuna inda lamarin kan kai. Shi tsohon kurmi kaɗai yake iya zama, kuma yawanci a Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa da yammacin Gana ake samun sa. Da aka sare mafi yawan wannan kurmi, sai ya koma 'yan wurare ƙalilan, irin su gandun Taï a Kwaddibuwa, da Sapo a Laberiya, da Gola a kan iyakar Saliyo da Laberiya. Yanzu yana rukunin masu rauni. Abin da ya tserar da mai tukku daga wannan hali zuwa yanzu shi ne juriyarsa ga dajin da aka taɓa.

Juriyar tana da iyaka, kuma kurmin bakin rafi ya fi kowane daji saurin lalacewa, saboda siriri ne, ko'ina a cikinsa baki ne. Ƙasarsa ita ce mafi danshi da taki a yankin, don haka nan manomi ke fara sa gatari idan yana neman wurin masara ko ayaba ko noman rani. Makiyayi ma nan yake kai shanu shan ruwa. Kofato yana tattake ƙananan tsirrai, ya daddaɓe ƙasa, ya buɗe sarƙaƙiyar da zabuwa ke ɓoye sheƙarta. Sai kuma wuta. Kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ana cinna wa ciyawa wuta don sabon toho ko don farauta. Lafiyayyen kurmi yana da danshin da ke tsayar da wuta a bakinsa. Amma idan shanu sun buɗe shi, ciyawa ta shiga, wutar bana takan ci 'yan taku, ta baɗi ta ɗora daga inda ta tsaya. Itatuwan kurmi ba su da kaurin ɓawon da itatuwan jeji ke kare kansu da shi, wuta ɗaya tana iya kashe su. A shekarun 1970 wani jami'in gandun daji, J. D. Chapman, ya zagaya dazuzzukan wannan yanki yana rubuta itatuwansu, aikin da aka buga a 2001 a kan dazuzzukan jihohin Taraba da Adamawa. Da 'yarsa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta koma dazuzzukan kan duwatsun bayan kusan shekara 30, kiwo da wuta da farauta ne ta tarar sun fi yi musu illa. Ita ce ta kafa aikin binciken da ke dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila.

A shekarun baya-bayan nan an sami wani sabon bala'i, wato cinikin madobiya, itacen da 'yan katako a Taraba ke ce wa madrid. Kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ce ta tayar da neman sa, kuma daga wajen 2013 Nijeriya ta shiga sahun gaba na masu fitar da shi, Taraba da Adamawa suna cikin inda aka fi sara. A wani rahoto na Nuwamba 2017, ƙungiyar EIA mai bin diddigin laifukan muhalli ta ce gumagumai sama da miliyan 1.4, da kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, sun shiga Sin daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ta sa itacen cikin waɗanda ake sa wa ido daga Janairun 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Madobiya itacen jeji ne, ba na tsakiyar kurmi ba, kuma zabon ba ya dogara da shi. Ɓarnar ta biyo ta hanyoyin da aka fasa wa manyan motoci. Inda mota ta shiga, mai injin yankan katako zai dawo neman maɗaci da kawo, mai gawayi zai biyo, manomi zai biyo, kuma duk wanda ya kwana a daji yana bukatar nama. Gawayin da ake girki da shi a Jimeta da Yola daga irin waɗannan wurare yake zuwa. A 2023 gwamnatin Adamawa ƙarƙashin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ta haramta sare itace don yin gawayi, sai dai muddin iskar gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka, buhun gawayi ba zai rasa mai saye ba.

Farauta ta fi yi wa tsuntsun ƙasa illa fiye da na sama. Zarge na waya da ake ɗanawa a kan turbar dabbobi don gada ko zomo ba ya zaɓe, kuma zabo mai bin turba ɗaya kullum yana cikin masu faɗawa. Kwanansa a garke kan itace ɗaya ya sa maharbi mai fitila da bindigar toka zai iya kashe da yawa a dare guda. Karnukan da ke bin makiyaya da manoma suna tono sheƙa. Ba a cika ganin sa a kasuwa ba, domin a sansanin daji ko a ƙauye ake cinye shi, shi ya sa ba ya shiga lissafin masu ƙidayar naman daji yadda ya kamata.

Duk waɗannan suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato yankewar daji. Tsuntsun da ke tashi sama zai bar kurmin da ya lalace ya nemi wani. Zabon kurmi da ƙafa yake tafiya, kuma ba ya son ratsa fili mai faɗi. Idan aka nome tsakiyar kurmin wani rafi, garken da ke sama da wanda ke ƙasa sun rabu ke nan. Ƙaramin garke a ƙaramin daji abu kaɗan ke gamawa da shi, ko muguwar wuta ɗaya, ko damina biyu da ƙwai bai yi albarka ba, ko maharbi ɗaya mai naci. In ya ƙare kuma babu ta inda wasu za su zo su maye gurbin. Daji na iya kasancewa kore shar a hoton tauraron ɗan'adam alhali tsuntsayen ƙasansa sun daɗe da ƙarewa.

Ta fuskar doka, akwai dokar namun daji ta Arewacin Nijeriya ta 1963, wadda jihohi suka gada, da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, da dokar Hukumar Gandayen Ƙasa ta 1999 da ta haramta farauta da sara da kiwo ba izini a cikin gandu. Kariyar da ke aiki a zahiri ita ce ta wuri, domin babu wani shiri da aka yi musamman don wannan tsuntsu. A Gashaka-Gumti lamarin yana da sarƙaƙiya, saboda tun kafuwar gandun an bar wasu yankuna a cikinsa inda Fulani makiyaya da manoma ke zaune bisa yarjejeniya, kuma yawan mutane da na shanu ya ƙaru tun daga lokacin. A 2017 Hukumar Gandayen Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors don tafiyar da gandun tare, aka ɗauki sababbin masu gadin daji daga garuruwan kewaye aka horar da su. Dazuzzukan da ke wajen gandun, waɗanda ke hannun jihohi da ƙananan hukumomi da masarautu, ba su sami irin wannan kulawa ba, kuma a cikinsu ne yawancin kurmin bakin rafi yake.

Sanin inda tsuntsun ya rage ya dogara ga masu zuwa su duba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke Laminga kusa da Jos ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tsaye tara a kwance, masu sa-kai kuma suna shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji a manhajar waya. Wannan hanya ta fi dacewa da tsuntsayen fili da masu yawan kuka. Ga mai ɓuya irin zabon kurmi, kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan abu ya gifta, ta fi amfani, kuma akan sami hotunansa na cikin daji daga kyamarorin da aka ɗana don damisa da birai da gada. Tsofaffin maharba na ƙauyukan bakin daji su ma madogara ne, domin sukan iya faɗin rafin da ake samun garke a da, da shekarun da aka daina gani. Alamun da mai bincike ke nema a ƙasa su ne wurin tono a cikin ganye, da ramin birgima a kan hanya, da kashi a gindin itacen kwana, da gashin fiffike baƙi mai ɗigon shuɗi-shuɗi, wanda ke bambanta shi da na mai ƙaho mai ɗigo fari fat a kan toka.